Bashin da Na Amsa a Gaban Makara

Ni Idi masaƙi, mutumin Balan ta ƙasar Gaya, tun ina yaro aka san bakina ya fi hankalina sauri. Wannan halin ne ya kai ni Barno, ya cinye mini ƙuruciyata a can, kuma har yau da furfura ta gama kaina ban tabbata ko kuskure na yi ba.

Ana gobe mahaifina zai rasu, bayan la'asar, ya sa aka kira ni da yayana Sale. Ya ce a shekarar farin nan da muke ƙanana, wani Babarbare mai fataucin kanwa, sunansa Bukar, ya sauka a gidanmu kamar yadda ya saba. Ɗaya daga cikin takarkaransa, wato shanun da yake ɗora wa kaya, ya gurɗe a ƙafa. Sai ya bar san a hannun Baba tare da kanwar da ke bayansa, a kan in ya kewayo zai karɓa. Damina ta zo babu ruwa. Baba ya sayar da kanwar, ya sayar da san, ya auno dawa muka ci. Da Bukar ya dawo, Baba ya ce masa sa ya mutu, kanwa kuma ɗakin da aka ajiye ta ya yi yoyo ta narke.

"Mutumin bai ce mini uffan ba," in ji Baba. "Ruwa ya sha, ya sa takalminsa ya tafi. Bai ƙara biyowa ta nan ba."

Abin da ya iya tunawa game da shi kaɗan ne. Ya ce daga wajen tafkin Cadi yake zuwa, kuma yana da cindo, ƙaramin yatsa na shida, a hannun hagu.

A wurinmu ba a ta da kabbara a kan gawa sai liman ya juyo ya tambayi jama'a ko akwai mai bin mamacin bashi, in kuwa akwai, wa ya ɗauke masa. Malamai sun ce wanda ya tafi da haƙƙin wani a kansa ba ya samun kwanciya a kabari sai an sauke masa. Liman ya tambaya, aka yi shiru. Ya sake tambaya, Sale ya ɗora ƙafarsa a kan tawa ya danna. Ina kallon Baba a nannaɗe cikin farin da ni na saƙa da hannuna. Da aka yi tambaya ta uku sai na ji bakina ya buɗe.

"Akwai, Allah gafarta malam. Yana wuyana."

Bayan an dawo daga maƙabarta Sale ya ja ni bayan rumbu. "Wa ya aike ka? Wa ma ya san mutumin yana da rai? Da mun yi sadakar 'yar dawa da niyyarsa, shi ke nan."

Na kai wa liman wannan maganar ina fatan ya yarda. Ya ce sadaka ana yin ta ne bayan an nemi mai haƙƙi an rasa, ba kafin a nema ba. Don haka na jinginar da gonar da na gada wurin wani mai hali a Gaya. Na sayi turkudi, zannuwan matan nan masu shuɗi, da baƙaƙen rawuna, domin ba su da nauyi kuma na ji suna da daraja a gabas. Na bar matata Hajo da goyon ɗanmu Mamman, na ce mata kafin shuka na dawo.

A Haɗeja na fara gane girman wautata. Na sami ayarin masu kanwa da za su koma Barno, na je na durƙusa gaban madugunsu, na tambaye shi ko ya san wani Bukar. Ya dube ni tun daga sama har ƙasa. Sai ya ɗaga murya ya ce, "Bukar." Mutanen da suka waiwayo daga cikin shanu sun isa su ɗauki makara har da 'yan canji. Duk zangon ya ɗauki dariya.

"Zaɓi wanda ya yi maka, ɗan samari," in ji madugu. "In waɗannan ba su ishe ka ba, akwai saura a gaba."

Duk da haka ya bar ni na bi su, a kan in riƙa taya su ɗauri da sauke kaya.

Daga Haɗeja muka faɗa ƙasar Bade, inda ba ka rabuwa da ruwa da laka da sauro. Ana haye kogi ne a kan manyan goruna, kaya a ka, mutum yana rungume da gora yana salati. A nan masassara ta kayar da ni. Ayari ba ya jiran mara lafiya, ban kuma ga laifinsu ba. Suka ajiye ni a wani ƙauyen masunta, a bukkar wata tsohuwa da ba ta jin Hausa ko ta gaisuwa, ni kuma ban san kalma ɗaya ta bakinsu ba. Ita ta riƙa ɗaga kaina tana ɗura mini romon kifi. Duk sanda na farfaɗo, ƙunshin kayana nake fara nema da ido, in gan shi a rataye inda ta rataye shi. Na tabbata ta lura, don wata rana ta sauko da shi ta tura mini ƙarƙashin kai, ta yi tsaki ta fita. Da na warke na kwance, ko zare bai ɓata ba. Na zaro turkudi ɗaya na miƙa mata, ta ture hannuna. Allurar da ke soke a hulata ta nuna, ita na ba ta.

Na bi wasu masu jakuna zuwa Nguru. Na daɗe ban ji Hausa mai daɗi ba, sai ga mai masaukin da aka kai ni wurinsa Bakano ne, wai shi Ɗan'azumi. Da ya ce, "Sannu da zuwa, ɗan'uwa, daga wace ƙasa?" sai da hawaye ya zubo mini. Ya sa aka kawo tuwon dawa da miyar kuka. Ni kuma, da bakin nan nawa, kafin in siɗe ƙwarya na zazzage masa komai: san da ya gurɗe, kanwar, cindon, har kukar da ke ƙofar gidanmu da rijiyar da ke bayanta.

"Allah mai iko," in ji shi. "Kamar na san gidansu. Ka ba ni 'yan kwanaki."

Ba a jima ba ya zo da wani dogon Babarbare, ya ce wannan Modu ne, ƙanin Bukar. Modu ya yi magana da Barbarci, Ɗan'azumi yana mayar mini da Hausa. Wai Bukar ya daɗe da rasuwa. Wai har ya mutu yana ba su labarin wani gida a ƙasar Gaya mai kuka a ƙofa, inda ya bar sa mai ciwon ƙafa. Da aka zo kan cindo, Modu ya taɓa gefen hannunsa na hagu ya share ido. Nan take na gaskata. Ko kaɗan bai zo mini a rai ba cewa maganata ce ake mayar mini. Aka kira shaidu, aka yi fatiha, na kwance ƙunshina na ba shi duka.

Ranar na ji kamar an sauke mini dutsen niƙa daga ka. Na sayi tsire da sauran kuɗin wurin da ke aljihuna, na zauna a inuwa ina ci ina ce wa Baba a zuciya ya kwanta ya huta.

Ina jiran ayarin da zai koma yamma ne na shiga kasuwa ranar cinta. Sai ga rawunana a shimfiɗe a rumfar Ɗan'azumi, na san su da irin naɗin da na yi musu. Modu yana zaune a baya yana cin gyaɗa, suna taɗi da Hausa tas. Mai tallan da ke kusa ya ce mini ai Modu surukin Ɗan'azumi ne, shi yake kula masa da jakuna. Na yi tsalle na cakumi rigar Ɗan'azumi. Bai ko ɗaga murya ba.

"Sake ni, ɗan'uwa. Da hannunka ka bayar, a gaban shaidu. Wani ya ƙwace maka?"

Na je wurin malamin masallacin kasuwa ina neman abu ɗaya kawai, ya ce mini tun da da zuciya ɗaya na bayar, an sauke wa Baba. Ya tausaya mini, ya ba ni goro. Amma ya ce wanda ya ba wani abin wani bai biya ba, bashi yana nan inda yake.

Hanya biyu ce a gabana, ko in koma Balan hannu wofi, ko in ci gaba hannu wofi. Ina so in ce tsoron Allah ne kaɗai ya tura ni gabas, amma har da tsoron dariyar Sale.

Da dako na isa Kukawa, birnin Shehun Barno. A can ba ni da suna, Afuno ne kawai, yadda suke kiran kowane Bahaushe. Na sami wani mai masaƙu da yawa ya ba ni ɗaya, da wurin kwana a rumfar. Abin da muke saƙawa shi ne gabaga, siririn farin ƙyalle da bai fi faɗin yatsa uku ba. A ƙauyukan ƙasar da shi ake ciniki, da shi ake sayen hatsi da man shanu da kaza. Da na ji haka na yi murna, na ce ashe na zo inda masaƙi yake saƙa kuɗi da hannunsa. Abin da ban sani ba shi ne da kamu ake aunawa, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, kuma kowane ɗan kasuwa yana da mai auna masa. In za a karɓa daga wurinka, sai a kira wani zabgege mai hannu har gwiwar ƙafa. In za a ba ka, sai a kira gajere. Ubangidana ma yana da nasa biyun, kuma ba ya jin kunyar kiransu a gabana.

Haka na zauna. Rabon da nake samu in ci kaɗan in naɗe saura in tura cikin tulu. Na koyi Barbarci na ciniki da na zagi. Ranar kasuwa kuwa in bi layin masu kanwa ina kallon hannun hagun mutane, har ya zame mini jiki. Sau ɗaya aka kama ni aka ce ɗan sane ne, don an ga ina bin wani dattijo ina leƙen hannun rigarsa. Na sha mari kafin a gane ba aljihunsa nake nema ba. Na ga masu cindo, na ga masu suna Bukar ba iyaka, amma ban ga inda biyun suka haɗu ba.

Kewar gida ba ta zuwar mini da rana tsaka. Da hantsi take zuwa, in mata suka fara daka a bayan katanga, don sautin turmi ɗaya ne a ko'ina. Sai in ga tsakar gidanmu, in ga Inna tana bakace, in ga Hajo ta ɗaura Mamman a baya tana kai taɓarya. Wani lokaci sai na ajiye ƙoshiyar saƙa na jira abin ya wuce.

Wata shekara na ci karo da wani falke mutumin Kademi da na sani tun a gida. Ya daɗe yana kallona kafin ya gane ni. Muka zauna a gindin bango, ya yi ta kewaye-kewaye, ya ba ni labarin damina da na farashin dawa, har na ce masa ya faɗi abin da ke bakinsa.

"Sai haƙuri, Idi. Inna ta rasu bara waccan. Hajo kuma ta kai ƙara, alƙali ya raba auren, ta yi wani a Gafasa. Yaron yana hannun Sale."

Ban ga laifin Hajo ba. Na ce mata kafin shuka, ga shi an shuka an girbe, an sake, an kuma sakewa. Da zai tafi ya kwance bakin jakarsa ya ba ni ɗan ƙullin daddawa. Ban sa ta a miya ba. Na riƙa buɗewa ina shinshinawa har ƙamshin ya ƙare.

Ranar da na ga tuluna ya cika na juye shi, sai na tarar gara ta shiga ta ƙasa ta cinye na gindin. Na kwashi abin da ya tsira na kai kasuwar shanu. A nan kuma aka ce mini cikin birni yanzu an fi son wuri da azurfa, gabaga kuɗin ƙauye ne, sai dai a karɓa a karye. Aka kira mai dogon hannu. Na koma masaƙa na ƙara wata shekarar. A ƙarshe dai na sayi takarkari, ba saurayi ba, amma yana tafiya da ƙafafunsa huɗu. Na ɗaure shi a bayan rumfa ina ciyar da shi, ga abin biya a hannu, babu wanda za a biya.

Wata mai sayar da busasshen kifi ce ta kawo ƙarshen neman. Ta saba ganina ina kallon hannaye, ta tambaye ni dalili, na gaya mata. Wannan karon cindon kawai na ambata, don Nguru ta koya mini rufe baki ko da rabi ne. Ta ce a bakin tafki, inda ake sauke kanwa, akwai wani tsoho mai dako da yake da irin wannan yatsan. Ba ta san sunansa ba.

Na kora sana muka nufi tafki. Wurin fili ne fetal, sai ciyawa da sauro da warin kifi. Mutanen tsibirai suna kawo kanwa falle-falle a jiragen da suke ɗaurawa da ciyawar ruwa, 'yan dako suna shiga ruwa suna ɗaukowa. Da hantsi na gan shi. Tsoho ne ƙanjamamme, kanwa ta cinye masa tafin ƙafa da kafaɗa, fatar ta yi fari ta tsattsage. Ya ɗaga hannun hagu zai gyara gammo, sai ga ɗan yatsan yana reto.

Na sayi kanwa a nan take, daidai kayan sa ɗaya, na ɗora. A bakin tafki araha gare ta, na kuma san wadda Baba ya sayar a ƙasar Kano ta fi wannan kuɗi nesa, don haka na ƙulle sauran wurin da ya rage mini na haɗa. Na jira ya sauke kayansa ya zauna, sannan na je na durƙusa na gaishe shi da Barbarci. Ya amsa da Hausa, irin ta fatake.

"Afuno, me kake nema?"

"Baba, ko sunanka Bukar?"

"Haka ake kirana."

"Ka taɓa bin hanyar Gaya da kanwa?"

Ya kalli san, ba ni ba. Ni kuma na dafe bakina, na ƙudura ba zan ƙara ko kalma ba sai ya faɗa da kansa.

"Balan," in ji shi. "Gida mai kuka a ƙofa. Ruwan rijiyarsu da ɗan zartsi." Ya juyo gare ni. "Wanne ne kai a cikin yaran?"

"Na biyu."

"Kai ka kawo mini ruwa a ƙoƙo ke nan. Kumatunka kamar an hura."

Na gaya masa Baba ya rasu, na gaya masa abin da ya faɗa kafin ya cika, da abin da na amsa a gaban makara. Na ce san bai mutu ba, kanwar ba ta narke ba.

"Na sani," in ji shi. "Shekarar da ko raɓa ba ta sauka ba, a ce mini ruwa ya narkar da kanwa? Tun bai rufe baki ba na sani. Amma na ratso garuruwa na ga yadda yara suka koma. Na shigo gidanku na gan ku ku huɗu kuna guje-guje. Sai na ce a raina, to, san ya yi aiki. Na ce mai kaya zai yi mini haƙuri in biya a hankali."

"Ba naka ba ne?"

"Ina na ga sa? Na wani attajiri ne, da san da kanwar. A nan in za ka ɗauki kayan mutum ka yi nisa da su, kana barin wani naka a gidansa har ka dawo. Ni 'yata na bari, Falmata. Ba ta fi ka ba a lokacin, tana cikin famfarar haƙori." Ya murza ɗan yatsan nan da babban yatsansa. "Da na dawo ba sa ba kanwa, ya ce ya ji. Na fita neman abin da zan rage masa. Kafin in kewayo ya sayar da ita, ayarin masu ƙetare hamada ya tashi, da ita a ciki. Uwarta ba ta ga baɗi ba."

Igiyar san tana hannuna, ban san sanda na naɗe ta a yatsuna har suka daina jin komai ba. Shekarun nan duka ina tsammanin bashin sa ɗaya nake bin Barno da shi a wuya. Na tuna tuwon shekarar farin, yadda Inna take rufe ƙofa kafin ta kwashe don kada 'ya'yan maƙwabta su gani, da yadda nake kuka in an ba Sale loma fiye da tawa.

Sannan na ce, "Baba, ga sa, ga kanwa, ga ɗan abin da ya rage mini. Don Allah ka yafe wa mahaifina."

Ya tashi da ƙyar. Ya buɗe bakin san ya duba haƙora, ya ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, ya ƙwanƙwasa kanwar.

"Ya tsufa. Wancan ya fi shi." Ya karɓi igiyar daga hannuna. "Na karɓa. Sa ya biya sa, kanwa ta biya kanwa. Ka gaya wa limaminku haka. Wurin nan kuma riƙe abinka, hanyarka da nisa."

"Yafiyar fa, Baba?"

"Nawa na yafe tun ina zaune a zaurenku. Saura nata. Ba zan ari bakinta in yafe ba, yaro. Na riga na ba da ita sau ɗaya ba da saninta ba."

"Ina zan same ta?"

Ya ɗaga hannun nan mai cindo ya nuna arewa, inda babu komai sai sarari. Sannan ya kwance ƙullinsa, ya raba busasshen kifin da zai ci gida biyu, ya tura mini rabi. Muka ci. Da wani jirgin ya iso ya ɗaure san a jikin turke, ya ɗauki gammonsa ya koma cikin ruwa.

Na koma Kukawa na nemi unguwar masu raƙuma. Aka nuna mini wani tsoho da ya sha ƙetare hamada yana jan akala. Na tambaye shi yadda za a nemi yarinya mai suna Falmata da aka tafi da ita tun ina yaro. Bai yi mini dariya ba, na kuwa so a ce ya yi. Ya ce kafin a kai rijiyar farko an sauya musu suna. Ya ce da yawa ba sa kaiwa, ƙanana su ne farkon zubewa, waɗanda suka kai kuma ana watsa su garuruwan da shi kansa bai san sunansu ba. Duk da haka ranar da wani ayari zai tashi na je bakin gari da ƙunshina a kafaɗa. Na tsaya ina kallo har raƙumin ƙarshe ya shige. Na kasa bin su, na juya na nemi hanyar yamma.

Na iso Balan da sanda da tsummokaran jikina. Tsohon liman ya rasu, ɗansa ke ba da salla. Na ba shi labari daga farko har ƙarshe, ya ce tun da mai haƙƙi ya karɓa da hannunsa an biya, alhakin yarinyar kuma yana kan wanda ya sayar da ita. Na tambayi wani malamin a Gaya, na tambayi wani a Ajingi, duk bakinsu ɗaya. Kowa ya sauke mini, ni ne na kasa saukewa.

Sale bai yi dariyar da na yi ta tsoro ba. Ya saurare ni yana zane da tsinke a ƙasa, don shi ma ya ci tuwon.

"Da ka yi shiru ranar nan, da babu wanda ya san wannan," in ji shi.

"Da yarinyar ta dawo?"

"A'a. Da mu dai mun yi barci."

Na kafa masaƙata a gindin kukar nan. Da saƙa na fanshi gonata, kaɗan-kaɗan, sai da ƙarfin noman ya kusa ƙare mini sannan ta dawo hannuna. Tun daga nan ban ƙara cin bashin ko allura ba, ban kuma yarda wani baƙo ya bar ajiya a gidana ba, ko ta kwana ɗaya ce. Mutane suna cewa Barno ta mai da ni marowaci. Kowace kaka ina fitar da damin dawa in bayar da sunan Falmata, ban sani ba ko sadakar mamaci nake yi ko ta mai rai. Kabarin Baba kuwa na daina bi ta wajen, don ban san abin da zan ce masa ba.

Mamman ya tashi yana ce wa Sale Baba, ni kuma Baba Idi. Yanzu magidanci ne da nasa 'ya'yan. Kwanan baya da na ji ƙirjina ya fara nauyi, na aika ya zo ya same ni a masaƙa. Ya tsuguna gefe yana gyara mini zaren da ya harɗe.

"Mamman, ranar da aka shimfiɗe ni, liman zai juyo ya yi tambayar nan sau uku. Ba wanda yake bina ko wuri ɗaya a garin nan. Ka yi shiru. Ko wani ya dube ka, ka yi shiru."

"To Baba Idi, in akwai fa?"

"Akwai. Amma ni na ci tuwon, kai ba ka ci ba. Ka bar ni in tafi da abina."

Ya daɗe yana warware zaren. Sannan ya ɗago ya dube ni.

"In da ba ka ci ba, ni daga ina zan fito?"

Na ci gaba da jefa ƙoshiya. Yaron bakina ya gado.